Takobin da Ya Shanye Rijiyoyi: Nazarin Yadda Wani Littafin Yaƙi Ya Cije, da Yadda Ya Sake Tafiya

## Marubucin da littafinsa

Marubucin da wannan nazari ya shafa malamin makarantar sakandare ne a wani gari da ke arewacin Jihar Katsina, kusa da iyakar Nijar, kuma lokacin da ya fara littafin shekarunsa ba su kai talatin ba. Ya tashi da karatun littattafan yaƙi, irin waɗanda ake bugawa kashi-kashi a Kano, a sayar a kasuwa ko a ba da haya, masu cike da sadaukai da bokaye da aljanu da biranen da ba su cikin taswirar kowa. Ya taɓa rubuta gajerun labarai, amma wannan ne karo na farko da ya ɗauko dogon zango. Ƙungiyar marubuta ɗaya muke da shi, inda nake duba rubutun mambobi idan sun nema, saboda haka wani abin da zan kawo na gan shi da idona, wani kuma na samo shi daga lissafin da yake ajiyewa a bayan littafin shirya darasinsa.

A waya yake bugawa, bayan sallar Isha'i, ya saki babi biyu a mako, Litinin da Alhamis, a wani zauren WhatsApp mai mutum kusan 600. Kowane babi yakan kai kalmomi 1,500. Ma'aunin da ya riƙa amfani da shi ɗaya ne, wato yawan sharhin da babi ya samu a cikin kwana ɗaya da fitarsa.

Babban tauraron labarin ɗan maƙeri ne a wani birni mai ganuwa. A daren da aka haife shi mahaifinsa ya ƙera takobi da gatarin aradu, takobin da babu sulke ko lifidin da ke tsayawa a gabansa. Yaron ya girma ya shiga rundunar Sarki, Madaki ya ɗora masa karan tsana, wani boka kuma ya duba ya ce shi ne zai ceci birnin daga wani sarki matsafi da ke ƙetaren kogi. Tsarin da marubucin ya yi kafin ya fara bai cika rabin shafi ba: babi 60, a ƙare da kewaye birni.

Zubin da ya ɗauka gado ne. Tun daga gasar rubutun zube da aka shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, labarin kasada na Hausa ya saba da jarumin da ke tashi daga wannan gari zuwa wancan, kowane gari da abin da zai same shi a can. Waɗancan littattafai ƙanana ne, ana iya gama su a zama biyu. Shi kuwa kalmomi kusan 90,000 ya nufa.

## Oktoba zuwa Disamba: babi na 1 zuwa na 26

Babi goma sha biyu na farko sun karɓu. A cikinsu akwai maƙera da hayaƙinta, da uban da ba ya yawan magana, da yayar jarumin wadda ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, da ranar da fadawa suka toshe hanci suna cewa ƙaurin gawayi ya shigo fada. Sharhi yana tsakanin 70 da 90 a kowane babi, kuma masu karatu gardama suke yi, musamman a kan ko uban yana ɓoye wani abu.

Daga babi na 13 jarumin ya fita daga birni bisa umarnin Sarki, labarin kuma ya hau wata hanya da bai sauka daga kanta ba. Dodo ya tare mashigin kogi, boka ya tare bakin kogo, 'yan fashi suka tare zango, sarauniyar aljanu ta tare gindin kuka, kuma kowannensu ƙarshensa ɗaya ne: abokin gaba ya yi kirari, jarumi ya mayar masa, a zare takobi, kai ya faɗi. Zuwa babi na 26, a makon ƙarshe na Disamba, sharhi ya sauko zuwa 31. Irinsa ma ya sauya, domin gardama ta ɗauke, sai addu'ar ƙarin basira da cewa ana jiran na gaba. Marubucin ya ɗora laifin a kan hutun ƙarshen shekara da tsadar data da sanyin hunturu da ke kwantar da mutane da wuri.

## Janairu zuwa farkon Maris: magani huɗu

Abin da ya fara gwadawa shi ne ƙara wa abokan gaba girma. Daga babi na 27 zuwa na 32 ya kawo dodo mai kai bakwai, sannan rundunar matsafa dubu ɗari. Babin dodon ya ɗaga sharhi zuwa 40, amma kafin a gama da rundunar ya koma 25.

Sai ya shigo da soyayya. Gimbiya, 'yar Sarki, ta bayyana a babi na 33, ta ga jarumin a filin hawa ta kamu da sonsa. Wannan ya jawo wasu sababbin masu karatu, sharhi ya taɓa 35. A cikin babi shida an sace ta sau biyu, an ceto ta sau biyu, ba ta yi wani abu ba bayan kuka da jira. Wata mai karatu ta tambaya a zauren me gimbiyar ta gani a jikinsa banda takobi, marubucin ya shaida mini daga baya cewa ya daɗe yana kallon tambayar bai sami amsa ba. Zuwa babi na 38 sharhi ya dawo 20.

Magani na uku shawarar wani aboki ce, wanda ya ce manyan littattafan irin wannan da ake rubutawa a ƙasashen waje suna zuwa da taswira da jerin sarakuna da tarihin dubban shekaru. Marubucin ya yi karatu sosai a nan. Ya koma tarihin Kano, ya ga yadda aka danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga zamanin Sarki Kanajeji, da yadda aka danganta kakaki da kasuwar Kurmi ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya gina wa birninsa irin wannan tarihi na sarakuna goma sha huɗu. Aikin yana da kyau, amma ya zuba shi gaba ɗaya a babi na 39 zuwa na 41, jarumin yana tsaye a bakin wani tsauni yana jira a gama. Sharhi ya faɗi zuwa 11.

Na huɗu shi ne kisa. A babi na 44 ya kashe zagin jarumin, wanda ke tafe gaban dokinsa tun fitarsu daga birni. Ya ce ya kwana biyu yana gyara wurin, yana sa ran zauren zai cika da ta'aziyya. Sharhi 14 aka yi, uku daga ciki tambaya suke yi wane ne ya mutu. Da muka ƙirga daga baya, a babi biyar kawai zagin ya taɓa buɗe baki. Babi na 46 ya sami sharhi 9, mambobin zauren kuma sun ragu zuwa kimanin 540. Marubucin ya sanar da cewa zai dakata saboda azumi, ni kuwa ya gaya mini ba ya da niyyar dawowa.

## Watan azumi: guntayen takardu a kan tabarma

A mako na biyu na azumi, bayan La'asar, na same shi a zauren gidansu. Muka yanka ragowar takardun jarrabawa gida 46, kowace guntuwa babi ɗaya, ya rubuta layi uku a kanta: abin da ya faru, wanda ya jawo shi, da abin da ya sauya wanda ba zai koma yadda yake ba. Lambar babin a baya ya rubuta ta. Muka shimfiɗa su a kan tabarma, muna danne su da tsakuwa saboda iskar da ke shigowa ta ƙofa.

Na kwashe guntaye 34, daga babi na 13 zuwa na 46, na cakuɗa su, na ce ya jera su yadda suke ba tare da ya juya bayansu ba. Tara ya ajiye da tabbaci. Sauran 25 ya riƙa ɗagawa yana mayarwa, har ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan ai ko'ina aka sa shi zai zauna." Dodon kogi yana iya zuwa bayan sarauniyar aljanu ko kafinta, babu abin da zai lalace.

Layi na biyu ya fi ba shi mamaki. Sarki ya aike shi, boka ya gaya masa, abokin gaba ya tare shi, an sace gimbiya. Wuraren da jarumin ya yanke shawara da kansa guda uku ne, kuma duka ukun kafin babi na 12 suke. Layi na uku kuwa babu komai a kansa a guntaye 28.

Na tambaye shi me jarumin yake so, ya ce ceton birni. Na ce wannan abin da boka ya faɗa ne, shi yaron fa, idan ya kwanta da dare me ke hana shi barci? Bai amsa ba. Na tambayi dalilin da ya sa Madaki ya tsane shi, ya ce hassada. Aka kira Magariba muka tashi a kan haka.

Akwai wata matsala da ta ɗaure mana hannu. Da littafin yana cikin akwati ne, da sai a koma a rushe a sake gini, amma babi 46 suna cikin wayoyin mutane, wasu ma sun tura wa wasu, magana kuwa zarar bunu ce. Duk gyaran da za a yi dole ya fito daga abin da aka riga aka faɗa.

## Ƙarshen azumi: sharaɗin takobi

Na ba shi shawarar ya je maƙera ya zauna, tun da babin da suka fi rai a littafin a can suke, kuma daga tunanin yarinta ya rubuta su. Ya je ranar kasuwa ya wuni wurin wani tsohon maƙeri. Abin da ya dawo yana ba ni labari, ba zuga-zugi ba ne ko masaba. Ya ce tsohon ya ciro jan ƙarfe daga wuta da awartaki ya tsoma a kaskon ruwa, ƙarfen ya yi ƙara, tururi ya tashi, kuma kafin Azahar yaron maƙerar ya je ɗebo ruwa sau biyu domin kaskon yana ta ja baya. A hanyarsa ta komawa gida ya tuna abin da kowane Bahaushe ya sani game da asiri, ko na 'yan tauri ko na mafarauta, cewa ba a ba da shi sai da sharaɗi, kuma ranar da aka karya sharaɗin ranar mai shi ke jin jiki. Takobinsa kuwa babi 46 yana yanka ba a taɓa neman ko anini a hannun mai shi ba.

Ya sake karanta littafin daga farko da wannan tunani, sai ya ci karo da abin da shi kansa ya manta. A babi na 9, na 17 da na 30 ya rubuta cewa washegarin faɗa matafiya sun tarar da rijiyar zango ta ƙafe. Ya rantse mini cewa cike gurbi kawai ya yi da su, don a ji wahalar tafiya. A kan waɗannan layuka uku ya kafa doka: uban ya tsoma takobin ne a uwar rijiyar birnin daren da ya ƙera shi, saboda haka duk lokacin da aka zare shi ya sha jini, rijiya ɗaya za ta ƙafe a ƙasar, ana farawa daga nesa ana matsowa birni. Ya ƙirga, an zare shi sau 23. Bai ga bukatar yi wa masu karatu dogon bayani a kan nauyin abin ba, domin duk wanda ya tashi da labarin rijiyar Kusugu ta Daura, da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya san rijiya tana iya zama maganar sarauta.

Wannan doka ita ta buɗe sauran taurarin. Madaki a sarautar Hausa shugaban mayaƙan dawaki ne, kuma babu wanda lissafin ruwa ya dama kamarsa. Doki ɗaya a lokacin zafi yana iya shan lita 30 zuwa 40 a yini. Marubucin ya ba birnin dawaki 2,000, ya buga lissafi a gefen takarda, ya ga jarka mai lita 25 har 2,400 zuwa 3,200 ake bukata kowace rana kafin a zo kan mutane. Madaki ke nan ya daɗe yana ganin zanguna suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya a bayan jarumin, har ƙauyen mahaifiyarsa ya tashi. Wurare huɗu da a baya ya roƙi Sarki ya karɓe takobin, waɗanda aka karanta a matsayin baƙin ciki, yanzu sun sami wata fassara ba tare da an taɓa harafi ɗaya a cikinsu ba.

Abin da jarumin yake so kuwa yana kwance tun babi na 4, ranar da fadawa suka toshe hanci. Rawani yake so, sarautar Barde, don kada a sake kiransa ɗan maƙeri. Shi ya sa tun fitarsa bai aika gida da ko gaisuwa ba, abin da a gaskiya mantuwar marubucin ce ta jawo, amma ya dace da halin kamar da gangan aka yi. Takobin shi ne tsaninsa ɗaya tilo. Gimbiya aka ba ta aiki a ƙarƙashin Magajiya, riƙon lissafin rumbuna da rijiyoyin birni, domin ya zama ita ce za ta gaya masa gaskiya. Ya tsara sauran labarin a babi 20, guntaye 20 a kan tabarmar nan, da sharaɗin ba za a ajiye guntuwa ba sai wadda ke gabanta ce ta haife ta.

## Tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Yuni: babi na 47 zuwa na 66

Babi na 47 ya fita mako guda bayan Sallah, kuma babu faɗa a cikinsa. Yayar jarumin ce ta fita da asuba zuwa rijiyar wani ƙauye da ke wajen ganuwa, inda ta yi aure. Ta zura guga, igiya ta ƙare a hannunta ba ta ji nauyi ba. Ta kwance ɗankwalinta ta ƙulla a bakin igiyar ta sake zurawa, sai ta ji gugar ta bugi ƙasa da irin ƙarar da busasshiyar ƙwarya ke yi. Ta jawo ta, da 'yar laka a gindinta da mataccen kwaɗo. Matan da ke bayanta a layi babu wadda ta yi magana, a daidai lokacin kuma ana jiyo tambura daga birni ana murnar ƙaninta ya sake cin nasara. Sharhi 16 aka yi, biyu suna ƙorafin ba a yi yaƙi ba.

Daga babi na 48 Madaki ya kai lissafinsa gaban Sarki, rijiya 23 da ranakun ƙafewarsu, kowace a gefen ranar wani faɗa. Jarumin ya ƙaryata, ya ce ƙulli ne. A babi na 51, cikin fushi, ya nemi wani barden Madaki da faɗa a ƙofar fada don ya nuna ƙarya ake yi masa, ya zare takobi ya sare shi, washegari rijiyar unguwar maƙera, wadda ya sha tun yana jariri, ta wayi gari babu ruwa. Wannan ne karo na farko tun babi na 11 da wani abu ya faru saboda shi ya zaɓa. Sharhi ya kai 58. Wasu suka koma babi na 9 da na 17 da na 30 suka ɗauko hoton layukan suka liƙa a zauren suna yaba hangen nesan marubucin, shi kuwa ya yi shiru. Zauren ya rabu biyu, 'yan Madaki da 'yan ɗan maƙeri.

Kewaye birnin ya fara a babi na 53, ya ajiye shi a tsakiyar bazara. Tarihin da ya karanta a Fabrairu a nan ya yi amfani, a ɗan gutsure. Tsofaffin ganuwoyi irin ta Kano gonaki da kududdufai suke kewayewa tare da gidaje, don a iya jure zaman ƙulle, kuma yaƙi a ƙasar Hausa aikin rani ne, domin yawancin dakaru manoma ne, ruwa na sauka hankalinsu ya koma gona. Shirin Madaki ke nan: a rufe ƙofofi a jira ruwan farko. Rijiya bakwai suka rage a cikin birni da kududdufi ɗaya. Sarkin matsafan ya san sirrin takobin, saboda haka kowace safiya yakan turo sadauki ɗaya gindin ganuwa ya yi wa jarumin kirarin cin mutunci, ya kira shi mai ƙaurin gawayi, don ya fito ya zare. Kowane babi da adadin rijiyoyin da suka rage yake buɗewa.

An yi tuntuɓe a babi na 56. Marubucin ya ji ya matse taurarinsa da yawa, sai tsohon hali ya motsa, ya kawo wani aljani da ba a taɓa jin labarinsa ba ya cika rijiyoyi uku cikin dare. Sharhi 71 aka yi, mafi yawansu faɗa, wani ya ce an mayar da su yara. A babi na 57 ya juya abin ya zama yaudarar matsafin, ruwan ya zama mai ɗaci ya kashe dawaki, amma ɗinkin ya nuna, kuma guntuwa ɗaya daga tsarinsa ta tafi a banza.

Uban ya rasu a babi na 60, bayan ya amsa cewa ya san abin da ya tsoma takobin a ciki. Jarumin ya zare takobin sau ɗaya bayan haka, da saninsa, don ya ƙwato ɗan yayarsa da aka kama a wajen ganuwa, ya dawo ya tsaya a gaban mutanen unguwar da rijiyarsu ta tafi a kan haka. Daga nan ya miƙa wa Madaki takobin a cikin kube, ya koma maƙerar ubansa yana ƙera kan kibiya, ya yi kwana 19 yana jin zagi daga gindin ganuwa bai fita ba. Ruwa ya sauka saura rijiya biyu, rundunar matsafin ta watse. An naɗa wani Barde daban. Aka ɗinke bakin kuben da ɗanyar fata aka rataye a zauren Madaki, rijiyoyin da suka ƙafe kuma ba su dawo ba.

## Sakamako

Babi na 66 ya fita a makon ƙarshe na Yuni, ya sami sharhi 104, adadi mafi yawa a tarihin littafin. Mambobin zauren sun tsaya a kimanin 570, wato ba su koma yadda suke a Oktoba ba. Wasu daga cikin waɗanda suka bi shi tun farko sun fita a tsakiyar kewayen birnin, ɗaya ya rubuta cewa littafin yaƙi ya zo karantawa, ba lissafin rijiya ba. Littafin ya wuce tsarin farko da babi shida. A lokacin damina marubucin ya fara gyara shi don bugawa, ya matse babi 46 na farko suka koma 19, ya cire dodo mai kai bakwai gaba ɗaya, ya rarraba tarihin sarakunan a bakin maroƙa da tsofaffi.

## Abin da na fahimta

Magungunan nan huɗu kowannensu ƙari ne a kan labarin, alhali abin da ya ɓace yana cikin jarumin. Ƙara wa dodo kai ba ya ƙara tsoro idan mai karatu ya riga ya ga takobin ya yi aiki sau ashirin ba tare da asara ba. Gimbiyar da zagin matsalarsu ɗaya: an nemi mai karatu ya damu da mutanen da ba a taɓa ganin suna son wani abu don kansu ba. Tarihin sarakunan kuwa ba shi da aibi, an dai kawo shi a lokacin da babu wanda rayuwarsa ta rataya a kansa, shi ya sa ganuwa da lokacin yaƙi suka yi tasiri a babi na 53 bayan sun gundiri mutane a na 40.

Dokar rijiyar ta yi aiki, a ganina, domin ta haɗa ginin tauraro da ginin labari a igiya ɗaya. Abin da jarumin ke takama da shi ya zama abin da ke cutar da yayarsa, saboda haka kowane faɗa ya koma zaɓi, kowane zaɓi kuma ya rage rijiya, raguwar rijiyar ta matsa wa zaɓi na gaba. Madaki ya sami gaskiya a hannunsa, sai gardama ta dawo zauren. Ruwan saman da ya kawo ƙarshe bai zama irin aljanin babi na 56 ba, domin an faɗe shi tun babi na 53, kowa yana ƙirga kwanaki tare da Madaki.

Ba zan ɗora komai a kan dabara ba. Layukan nan uku na busassun rijiyoyi sa'a ce, da babu su da dokar ta zo kamar faci. Dawowar mutane bayan Sallah tana iya ƙara wani abu a lissafin, yawan sharhi kuma ba ya bambanta yabo da faɗa, kamar yadda 71 na babin aljani suka nuna. Gimbiyar har yanzu ba ta cika mutum ba, domin aiki aka ba ta, ba a ba ta abin da take so ba, kuma na gaya masa haka. Maganar zagin ma ba mu daidaita ba. A sabon zubin ya ba shi baki da mata da bashin da yake gudu, yanzu kuma ya ce hannunsa ya ƙi kashe shi a wurin da ya kashe shi a da. Ni ina ganin a bar mutuwar, a matsar da ita bayan babin da jarumin ya ƙaryata Madaki, shi kuwa ya ajiye guntuwar a gefen tabarma bai yanke ba tukuna.